Yadda Ake Haɗa Littafin Zane Kan Asalin Sojan Gem

Duk wanda ya saba zama a shagon caji a karkarar Kano da Jigawa ya san sojan nan mai rufe fuska da hoton ƙoƙon kai, wanda samari ke rububin ɗauka in ana buga Call of Duty a waya. Sunansa Ghost. Gem ɗin da ya yi suna a cikinsa, Modern Warfare 2, ya fito a 2009, kuma bai tsaya bayyana dalilin rufe fuskar ba. A littafin zane, wato labari cikin hotuna, mai fitowa shida aka ba da amsar, wanda kamfanin WildStorm na Amurka ya fara bugawa a ƙarshen wannan shekarar. A nan aka ba da tarihin Simon Riley, ɗan Manchester ta Ingila: ya tashi a hannun mugun uba, na gaba da shi a soja ya ci amanarsa a wani aiki a Meziko, aka binne shi da rai ya tono kansa ya fito, daga baya aka kashe masa dangi.

Irin wannan littafi ana iya yin sa a Gaya ko Ringim ko Kazaure, da fensir da takarda da injin fotokwafi, ba sai da kwamfuta ba. Shafi 16 ya wadatar a fitowar farko. Amma tun kafin ka feƙe fensir, ka ajiye Ghost gefe. Mallakin kamfanin Activision ne, sayar da labarinsa shiga haƙƙin wasu ne, kuma ko ba don haka ba, Manchester ba ka san lungunanta ba. Ƙirƙiri sojanka, ɗan ƙasar da ka san ƙurarta.

Nemo raunin kafin ka nemi bindiga

Labarin asali daga ƙarshe ake faro shi. Zana sojan yadda mai buga gem zai gan shi yau, ka ba shi alamomi uku da ido ke kamawa nan take. Misali: tsohon rawani da yake rufe baki da hanci da shi, yatsu biyu da babu a hannun hagu, da wata laya da igiyarta ta taɓa tsinkewa aka ƙulla. Aikin littafin gaba ɗaya shi ne ya faɗi inda kowace alama ta samo asali. In alama ba ta da labari, cire ta.

Inda masu farawa suka fi faɗuwa shi ne tara musiba. A kashe uwa, a kashe uba, a ƙone gari, a yanke hannu, duk a shafi huɗu. Mai karatu kan gaji da jini tun bai san sunan yaron ba, ya daina jin komai. Littafin Ghost ya samu fili na fitowa shida ya jera masifunsa. Kai da kake da shafi 14 na labari, rauni ɗaya ya ishe ka, kuma wanda ya fi ratsa zuciya shi ne wanda sojan yake da hannu a cikinsa. Abin da aka yi masa tausayi kawai yake jawowa. Abin da shi ya yi, ko ya kasa yi, shi ne ke sa mutum ya ƙi yarda a ga fuskarsa.

Ga misali da za a iya ginawa a kai. Yaro ne ɗan fadama a bakin kogin Haɗeja. Ambaliya ta cinye shinkafar gidansu, bashin taki ya hau kan mahaifinsa, shi kuma ya lallaɓi amininsa su shiga soja tare, alhali aminin ba ya so, sai da uwar aminin ta ɗaura wa ɗanta laya ta ce wa yaron, "Ɗana, amanar ɗan'uwanka na hannunka." Wata rana cikin dare a daji aka ba su umarnin janyewa, aminin ya ji rauni a ƙafa, shi kuma ya ja shi har igiyar layar ta tsinke a hannunsa, sannan ya ci gaba da gudu. Bai koma gida ba tun daga ranar. Ka ga a nan babu wani mugu da za a ɗora wa laifi, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin kalmar amana a bakin tsohuwa.

Lokacin labarin zaɓinka ne. Akwai Hausawan da aka kai yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da ya fara a Laberiya a 1990 ya kai har Saliyo, akwai kuma fagen da babu shi a taswira, wanda ka ƙirƙira. Ga mai farawa na ƙarshen ya fi sauƙi da aminci. Kada ka sa sunan hafsa na gaske, ko lambar bataliya ta gaske, ko harin da mutanen da ya shafa suke raye suna jin ciwonsa.

Amma ƙananan abubuwa su zama daidai. A Zariya akwai wurin horar da kuratan sojan ƙasa. Muƙami daga ƙasa ya tashi: farabiti, las kofur, kofur, saje, har samanja, kafin a zo ga hafsoshi irin su laftana da kyaftin da manjo. Kofur igiya biyu gare shi, saje uku; in ka juya su, tsohon soja na farko da ya buɗe littafin zai ajiye shi. Kusan kowace gunduma akwai ɗan mazan jiya. Je ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, karatu na zo nema," ka tambaye shi abincin da suke ci, yadda but ke cin ƙafa a makon farko, yadda saƙon gida ke iso su. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe. Rashin ladabi ne, kuma ba nan labarin yake ba. Haka nan kada ka kuskura ka ɗaga waya ka ɗauki hoton sojoji a shingen hanya ko ƙofar bariki da sunan neman samfuri. In kana son ganin yadda kafaɗa ke sauka in an rataya bindiga, ba ƙaninka sanda ya rataya, ka ɗauke shi hoto a tsakar gida.

Raba shafuka

Shafi na 1 bango ne, na 16 bayan bango. Sauran 14 ɗin ga yadda suka fi zama: 2 da 3 sojan a yau, da abin da ya tuno masa baya, 4 zuwa 7 ƙauye da ambaliya da sallama, 8 da 9 horo, 10 zuwa 13 daren, 14 tsinkewar igiyar, 15 dawowa yau. Ka lura ƙauye ya samu shafi huɗu, daidai da daren yaƙin. Da gangan ne. In mai karatu bai zauna da aminin nan ba, bai gan shi yana korar tsuntsu a gona ko yana tsokanar ƙanwarsa ba, rasa shi ba zai dame shi ba.

Abubuwa biyu game da lambar shafi. A rubutun boko shafi mai lambar da ke rabuwa biyu, wato 2, 4, 6, yana hagu, kuma shi ido ke fara faɗawa in an juya takarda. Don haka duk abin da kake so ya zo ba zato, sa shi a irin wannan shafi, ka bar tambaya a gidan ƙarshe, wato akwatin zane na ƙarshe, na shafin da ya gabace shi. In ka sa shi a dama, mai karatu ya riga ya hango shi tun yana karanta hagu. Wanda zai yi nasa da ajami sai ya juya wannan ƙa'ida. Na biyu, shafi na 8 da na 9 su kaɗai ke kan fuskar takarda ɗaya a tsakiyar littafi, don haka a nan kawai za ka iya shimfiɗa zane ɗaya babba ya ratsa shafi biyu ba tare da ya goce a wajen naɗi ba. Filin fareti da ɗaruruwan kurata ya dace da wurin.

Kafin zane na gaske, ɗauki littafin makaranta ka zana kowane shafi ƙarami kamar tafin hannu, mutane da ƴan sanduna da da'ira. Gida biyar a shafi matsakaici ne, kusan gida 70 ke nan a littafin. Ba wa wanda bai san labarin ba ya duba, kada ka ce masa komai. Inda ya tsaya ya ce "nan me ya faru?", nan ne gyara. Gyaran minti biyu ne a wannan mataki. Bayan an sa tawada kuwa, yini guda ne.

Kayan aiki da awo

Takardar A4 mai nauyin giram 80, kamar 40 saboda ɓaci, fensir HB, ba 2B ba, don 2B na barin baƙi da wuyar gogewa, farin magogi, rula mai santimita 30, ta ƙarfe in da hali, alƙalamin zane baƙi mai lamba 0.5 da 0.8, maka baƙa mai kauri (babban alƙalamin tawada), Tipp-Ex, da allon katako mai santsi ko faranti na filawud da za ka ɗora a cinya. Alƙaluman zane sai a shagunan kayan rubutu na Kano, wajen Sabon Gari, ko Dutse. In ba su samu ba, baƙin biro mai ruwa-ruwa ya fi biro na yau da kullum, wanda ke tara ɗigo a baki ya zubar a tsakiyar fuskar mutum. Shuɗin biro kuwa kada ya kusanci aikin, inji na fitar da shi dishi-dishi.

A kan A4 za ka zana, a rage zuwa rabinta, wato A5, lokacin bugawa. Ragin zuwa kashi 71 cikin ɗari ne, kuma duk awon da ke tafe daga nan ya samo asali. A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Bar 1.5 a kowane gefe, ka samu fili mai 18 da 26.7. Raba tsawon gida-gida hawa uku, kowanne 8.5, da tazarar milimita 6 tsakanin hawa da hawa, milimita 4 tsakanin gidajen da ke jere. Tazarar kwance ta fi ta tsaye faɗi ne don ido ya bi layi zuwa dama kafin ya sauko. Yanke wannan awo a kwali sau ɗaya, ka riƙa ɗorawa kana zagayewa, ka huta da aune-aune.

Tsawon babban mutum kai bakwai da rabi ne, jarumi a ba shi takwas, yaro ɗan shekara goma kamar shida. Wannan ya shafe ka sosai, domin mutum ɗaya za ka zana a matakai uku na rayuwarsa, kuma dole a gane shi ne. Yi takarda guda ka zana shi yaro, kurtu, da kofur, ta gaba da ta gefe, ka ba shi abin da ba ya canzawa, kamar wushirya ko kunne mai ɗan fitowa ko tabo a gira. Tunda a ƙarshe ido da gira kaɗai za su rage a waje, alamar da ke wurin ta fi amfani. Manna takardar a bango inda kake aiki.

Rubutu kafin zane

Wannan shi ne kuskuren da ya fi lalata littattafan masu farawa: a gama zane mai kyau, sannan a nemi inda za a cusa magana. Fara da rubutun. Ja layukan fensir a saman gida, tsayin harafi milimita 4, tazara milimita 2, rubuta maganar, zagaye ta da kumfa, wato da'irar da ake sa magana a ciki, sannan ka zana mutane a filin da ya rage. Milimita 4 in an rage zai koma ƙasa da 3 kaɗan, kuma iyakar abin da za a iya karantawa ke nan da fitilar sola. Kumfa ɗaya kada ta wuce kalma 20, shafi kada ya wuce 100. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ka fito da ita sosai, har ta yi kamar ta yi yawa, domin ita ce farkon abin da inji ke cinyewa, sai ƙafa ta rasa ƙugiyarta, ɗaki ya zama wani abu dabam.

Wanda zai fara magana a gida, tsayar da shi a hagu. In ka sa shi a dama, jelar kumfa za ta gitta ta ɗaya, a karanta amsa kafin tambaya. Kuma in mutum biyu na hira, wanda ke hagu ya zauna a hagu har hirar ta ƙare.

Maganar ta zama irin ta bakin mutanen. Kurtu ba ya yi wa saje dogon jawabi. Ɗa ba ya kallon idon mahaifinsa ya ce masa yana baƙin ciki, zai sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Gida ɗaya da babu magana ko kaɗan, hannu riƙe da laya da guntun igiya na lilo, ya fi kumfa uku na kuka. A shafi na 14 gwada cire rubutu gaba ɗaya.

Tawada da duhu

Injin fotokwafi baƙi da fari ya sani. Inuwar fensir da ka sha wahala ka murza da yatsa, ko dai ta ɓace ko ta fito kamar datti. In kana son toka-toka, ja siraran layuka a jere, tazarar milimita ɗaya da rabi ko fiye. In sun fi haka matsuwa za su haɗe su zama baƙi bayan ragi. Alƙalami mai 0.1 ko 0.2 ma ɓacewa layinsa ke yi, shi ya sa muka ce 0.5 don fuska da rubutu, 0.8 don jiki da bakin gida.

Labarin asali yana yawo tsakanin da da yanzu, kuma dole mai karatu ya san inda yake ba tare da an rubuta masa "shekara goma baya" kowane lokaci ba. Hanya mai sauƙi: shafukan ƙauye su zama farare, layi siriri, sarari a buɗe, kusurwar gidaje a zagaye, shafukan yau da na daren su sha baƙi, kusurwa a tsaye. Yayin da labari ke matsowa daren, ƙara baƙin kaɗan-kaɗan. Sai dai kada baƙi ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na shafi. Injin da hodarsa ta yi ƙasa yana fitar da faffaɗan baƙi da zane-zanen fari a ciki, mai shago kuma zai ƙara maka kuɗi ko ya ƙi aikin. Dare ba sai an shafe sama duka ba: baƙar inuwar bishiyoyi da farin wata sun isa.

Maka na ratsa takardar giram 80, don haka sa wata a ƙasa, kuma fuska ɗaya kawai ake zane. Bar tawada ta yi minti goma kafin ka goge fensir, da damina ka ba ta rabin awa, in ba haka ba magogi zai ja ta ya yi maka wutsiya. Da zafin bazara gumin hannu na ɓata takarda, tawada ta ƙi kamawa a wurin. Sa ƴar takarda ƙarƙashin hannunka. Da hunturu rufe alƙalami da zarar ka ajiye.

Game da jini, littafin nan zai shiga gidaje, ƙannenka za su ɗauka, iyaye za su buɗe. Nuna kafin abin da bayansa, ka bar tsakiyar a tazarar da ke tsakanin gida biyu: yatsa a kan kunama, sai tsuntsaye sun tashi daga kan kuka. Mai karatu zai cike da kansa, kuma abin da ya cike ya fi wanda za ka zana tsanani.

A shagon fotokwafi

Takarda huɗu ke ba da shafi 16, kowace gaba da baya. Jerin ba 1, 2, 3 ba ne. Takarda ta farko: 16 da 1 a gaba, 2 da 15 a baya. Ta biyu: 14 da 3, sai 4 da 13. Ta uku: 12 da 5, sai 6 da 11. Ta huɗu: 10 da 7, sai 8 da 9. Kowane biyu in ka haɗa 17 ne, kuma lambar da aka fara ambata ita ce a hagu. Naɗe farar takarda huɗu tun a gida, ka rubuta lambobin, ka tafi da ita a aljihu don nuna wa mai inji.

Nemi shagon da gilashin injinsa ke ɗaukar A3, galibi kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma ko babbar makaranta. A jera shafi biyu na asali gefe da gefe, a sa ragi 71, su fito kan A4 ɗaya kai tsaye. In injin ƙarami ne, sai an rage kowane shafi, a yanka, a manna bibbiyu, a sake bugawa, kuma kowane bugu na kan bugu yana cin siraran layuka. Ce a goge gilashin tukuna, ƙurar hunturu na fitowa ɗigo-ɗigo a kowane kwafi. A buga guda ɗaya, ka naɗe, ka karanta daga farko har ƙarshe kafin a ci gaba. Bayan takarda ya fito a kife shi ne ɓarnar da aka fi yi. Takardar da ta sha danshi tana maƙalewa a bugu na biyu, don haka a buɗe sabon rim in da hali, a bar wadda ta fito ta huce kafin a mayar da ita.

Kwafi 30 takarda 120 ne, bugu 240. Haɗa kuɗin wannan da na mota da na alƙaluma, raba da 25, ba 30 ba, domin biyar za su tafi a kyauta da lalacewa. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin farashinka.

Ƙaramar sitefula ba ta kai tsakiyar takarda. Buɗe ta ta miƙe, kifa littafin a kan kwali mai kauri, bango a sama, buga biyu a kan layin naɗi, santimita 5 daga sama da 5 daga ƙasa, ka juya ka kwantar da ƙafafun da bakin rula. Allura da zare mai ƙarfi, huda uku, sun fi daɗewa, don ba sa tsatsa da damina. Shafukan ciki za su ɗan leƙo waje. Danne da rular ƙarfe ka bi da sabuwar reza sau uku a hankali, kada ka nemi yankewa a ja ɗaya.

Don masu waya, ɗauki hoton shafukan asali a inuwa da safe, waya a saitin tsakiyar takarda, ka haɗa su PDF da manhaja irin CamScanner, ka tura a WhatsApp a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto za a matse shi rubutun ya dushe. Saki shafi bakwai na farko kawai, ka tsaya a inda ake sallama da tsohuwa. In kuma abin ya girma har za ka kai shi kasuwa a Kano, ka tuna Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar na duba littattafai ma, ka je ka ji ƙa'idarsu kafin ka buga da yawa.

Shafukan asali kuwa, rubuta lamba a bayan kowanne da fensir, sa su a leda tsakanin kwali biyu, ka ajiye a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bangon ƙasa saboda gara da yoyon damina. Daga su za a sake kowane bugu, kuma takardar siffofin sojan na cikinsu, wadda za ka buƙata ranar da ka zauna zana fitowa ta biyu.